Mma Farida da mabuɗin kwana casa'in

Duk wanda ya saba bin hanyar Gurugu da sassafe ya san wata mata mai jan babur, wadda ba ta wuce mai koko sai ta rage gudu ta gaishe ta da Dagbanci ta ce "Dasiba", ta jira an amsa mata "Naa" kafin ta ƙara wuta. Ita ce Faridatu Iddrisu, da ma'aikatan jami'a ke kira Mma Farida. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a can. Da keken rubutu ta fara, lokacin da kwamfuta ɗaya tak ce a sashen, aka lulluɓe ta da zane kada ƙura ta taɓa ta. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, kuma yawancin waɗanda suka ci moriyarta ba su san ko kamanninta ba.

Ofishinta yana can ƙarshen baranda, jikin ɗakin da aka jera manyan na'urori. Ɗakin na'urorin ne ke da iyakwandishan. Ita fanka aka ba ta, mai ƙara kamar injin markaɗe. Da ta shigo, kafin ta buɗe ledar ƙosai, sai ta kwafe duk abin da ke cikin rumbun jami'a ta zuba a wani faifai da take kullewa a durowa. Na'ura tana yin wannan kwafi da kanta, amma Mma Farida ta ce ta taɓa ganin na'ura ta yi barci a bakin aiki, don haka nata daban.

Rumbun da ake magana ba na hatsi ba ne. Wuri ne a cikin na'ura inda malamai da ɗalibai ke ajiye rubutun manhajojin da suke haɗawa, kowane aiki da ɗakinsa, kowa ya zo ya ɗora nasa a kan na ɗan'uwansa. 'Yan gida suna da izinin shiga. Matsalar baƙi ce: masu bincike daga wasu jami'o'i, ma'aikatan ƙungiyoyi, da duk wanda ake son ya taimaka amma sunansa ba ya cikin ma'aikata. Wa za a buɗe wa, ina zai tsaya, yaushe zai fita? Shekara goma sha ɗaya amsar wannan tana hannun Mma Farida, kuma ta amsa ta yadda ta ga ana yi a gidansu.

Mahaifinta, Alhaji Iddrisu na Sabonjida, mai masaukin fatake ne. Masu goro daga kudu da masu shanu daga arewa a zaurensa suke sauka. Tun tana kai musu ruwa ta lura ba a ba mutum tabarma a gidan sai wani sananne ya ce, "Na san shi, baƙona ne." A ba shi mabuɗin ɗakin da zai kwana, ba na ɗakin kaya ba. Ranar tafiya ya mayar da mabuɗi hannu da hannu. Akwai kuma abin da ta fi riƙewa a ranta: in kaya suka ɓace a gidan, Alhaji ba ya barin kowa ya nuna baƙo da yatsa sai an bincika, domin baƙo ne ya fi kowa sauƙin ɗora wa laifi.

Haka ta tsara rumbun. Baƙo sai da mai masauki a cikin ma'aikata, wanda zai sa hannu a takarda ɗaya tal. Mabuɗinsa da sunansa, ɗaki ɗaya yake buɗewa. Yana iya dubawa, yana iya kawo gyara, amma gyaran ba ya shiga sai mai masaukinsa ya duba ya amince, kuma ba shi da ikon goge ko layi guda. Bayan kwana casa'in mabuɗin ya mutu da kansa, sai ta kira mai masauki ta tambaye shi ko har yanzu baƙonsa ne. An yi mata tsegumi a kan wannan ba kaɗan ba. Manyan malamai, waɗanda za su yi shekara uku suna rubuta takarda ɗaya, su ne ba sa iya jiran minti goma a cike fom.

A cikin baƙin da ta buɗe wa ƙofa akwai Majeed, kuma labarinsa ne ya sa ake wannan rubutu. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana da rumfar gyaran waya a Nyohini. Bai yi jami'a ba, a kan tsohuwar laftof ya koya wa kansa rubuta manhaja tsakanin zuwan kwastoma da tafiyarsa. A lokacin jami'a tana da wani aiki na aika wa manoma saƙon murya da Dagbanci, a gaya musu yaushe ruwa zai zauna, yaushe za su yi shuka. Manoma suka yi ta kawo wa Majeed ƙananan wayoyinsu suna cewa sun lalace, saƙon jami'a yana yankewa a tsakiya. Ya kwance waya ta kai talatin bai ga komai ba. Daga nan ya gane ba wayoyin ba ne, saƙon ne ya yi wa tsofaffin wayoyi nauyi. Ya zauna ya rubuta gyara, ya zuba a filas ɗin kwamfuta, ya hau babur zuwa jami'a.

Ofis huɗu aka tura shi kafin ya iso ƙarshen baranda. Mma Farida ta ba shi kujera da ruwa, ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Wa ya san ka a nan?"

"Ba kowa, Mma. Sai dai Dokta Charlotte na sashen noma, ni nake gyara wayanta."

Ta kira Dokta Charlotte. Matar ta zo, ta karanta gyaran a tsaye, ta sake karantawa a zaune, sannan ta karɓi biro ta sa hannu. Kafin azahar Majeed yana da mabuɗi da sunansa. Da ya ga sunan nasa ya fito a jerin masu aikin, tsakanin na wani dokta da na wata farfesa, sai ya ɗauki hotonsa da waya. Mma Farida ta yi kamar ba ta gani ba.

Shugaban wannan aiki shi ne Farfesa Yao, mutumin kirki mai gaggawa. Turanci yake yi da kowa, amma in yana son lallashin Mma Farida sai ya koma Hausar kasuwa. "Madam, wannan fom naka yana cin lokaci paa. Mutane na waje suna jira. Ba su mabuɗi babba, mu gama." Ta ce kowa ya kawo sunansa, minti goma ne. Farfesa ya gaji, ya yi abin da manya ke yi in doka ta tare musu hanya: ya ɗauki kalmar sirrinsa, wadda ke buɗe ko'ina kuma take iya goge komai, ya tura wa abokan aikinsa na ƙetare da ɗalibansa na digiri na uku. Ta lura, domin mutum ɗaya ba ya shiga rumbu daga gari uku a rana ɗaya. Sau biyu tana rubuta masa gargaɗi, sau biyu yana amsawa da godiya.

Wata Litinin a watan Mayu, shekara uku da suka wuce, ta buɗe rumbu ta tarar da ɗakin saƙon manoma wayam. Aikin watanni ya tafi. Saƙon da ya kamata ya fita da asuba, na cewa ruwan da aka yi ranar Asabar na yaudara ne kada a yi shuka tukuna, bai fita ba. Kafin ƙarfe takwas baranda ta cika da masu tambaya, kafin tara an sami mai laifi. Wa ya taɓa ɗakin na ƙarshe ranar Juma'a? Majeed. Waye ba ɗan gida ba? Majeed. Wani malami har da cewa daman me mai gyaran waya yake nema a rumbun jami'a. Farfesa ya sa aka buga takardar korarsa daga aikin, ya kira taro ƙarfe sha ɗaya.

Magana ta riga Majeed isa kasuwa, ta bakin wani direban jami'a. Da ya shigo ofishin Mma Farida, idanunsa sun kaɗa.

"Mma, wallahi ban taɓa komai ba kwaraa. Yanzu-yanzu wata mata ta zo ta karɓe wayanta, ban ma gama gyara ba. Ta ce wanda ya share kayan jami'a, ita ba ta bar mishi hotunan yaranta."

Ta fahimci abin da zai rasa, domin ita 'yar kasuwa ce ta haihuwa. Mai gyaran waya ba sukudireba yake ci da ita ba. Mutane suna miƙa masa wayarsu a buɗe, da sirrinsu da na iyalinsu a ciki, su tafi su dawo. In aka ce hannunsa ba shi da amana, ko a jami'a ne abin ya faru, rumfar Nyohini ta mutu. Ranta ya ɓaci ƙwarai, kuma ta ji tsoro, ba za a ɓoye ba, don ta riga ta duba tarihin rumbun ta ga sunan da ke wurin. Sunan mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmanta ne.

Ta ce wa Majeed ya zauna ya ci ƙosanta, kada ya motsa. Dokta Charlotte ta leƙo tana huci, ta ce ita ta sa masa hannu kuma za ta faɗi haka a taro ko wa zai ji haushi. Mma Farida ta ce ta ba ta minti goma. Ta buga shafi ɗaya, ta ninke, ta nufi ofishin Farfesa, ta rufe ƙofa a bayanta.

"Farfesa, mutum nawa ke riƙe da mabuɗinka?"

Ya ce wannan ba lokacin wannan magana ba ne. Ta ajiye masa shafin. Mabuɗin Majeed ba ya iya gogewa, ko da ya so, haka aka yanka shi tun ranar farko. Gogewar an yi ta ranar Lahadi da ƙarfe goma da kwata na safe, da mabuɗin Farfesa Yao.

"Ƙarfe goma ina coci!" in ji shi.

"Na sani. Shi ya sa na ce mutum nawa."

Ya fara lissafi da yatsu, ya tsaya a shida, ya tuna wani, ya ce bakwai. Ta ce to wanne ne a cikinsu. Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Na'ura ma ba ta sani ba, sunanka kaɗai ta sani. Mutum ɗaya ne a duk wannan aiki da zan iya rantsuwa ba shi ba ne, kuma shi ka buga wa takarda." Farfesa ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ta ce tana iya karanta shafin a gaban taro, kuma in ta kama za ta karanta, amma ta fi so maganar ta fito daga bakinsa.

A nan ne ya kamata a yi wa Farfesa Yao adalci. Da aka zauna taro, bai bari kowa ya fara magana ba. Ya miƙe ya ce kuskuren nasa ne, an gargaɗe shi sau biyu bai ji ba, ya yage takardar korar a gaban mutane. Malamin nan mai tambayar me mai gyaran waya yake nema ya sami abin dubawa a cikin wayarsa har aka tashi. Mma Farida ta buɗe durowa ta fito da faifanta na safiyar Juma'a. Aikin yini ɗaya ne kawai babu a ciki, shi ma yana kan tsohuwar laftof ɗin Majeed. Kafin la'asar saƙon ya fita zuwa ƙauyuka.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare, ita ta ce da saura. Ta tare Farfesa a bakin motarsa ta ce, "A nan ka wanke shi, amma a kasuwa aka ɓata shi. Mutanen Nyohini ba su zo taro ba." Ya ce to me zai yi, ya sa a rediyo? Ta kalli wayarsa mai tsagaggen gilashi, wadda ya yi wata shida yana cewa zai canja. Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika, aka ga motar jami'a ta tsaya a gaban rumfar Majeed. Farfesa ya fito da kwat ɗinsa a cikin zafin nan, ya miƙa wayarsa a buɗe, ya zauna a benci tsakanin mai sayar da doya da wani tela, ya yi awa guda yana gumi yana gaisawa da mutane da karyayyiyar Hausarsa. Matar nan da ta karɓe wayarta ta dawo da ita kafin sati ya zagayo, ta ce daman ita ba ta yarda da zancen ba.

Har yau ba a san wanda ya goge ɗakin ba, kuma Mma Farida ba ta taɓa neman sani ba. Mutum bakwai ɗin nan kowa ya cike fom, kowa ya sami mabuɗinsa na kwana casa'in, Farfesa ne mai masaukinsu duka. Bara jami'a ta ɗauki Majeed aiki a sashen, rumfar kuma tana nan, ƙaninsa Basit ke zama da safe.

Mma Farida, ke ce kika nuna mana cewa rufe ƙofa ba shi ne tsaro ba. Da kin so sauƙi, da kin ce baƙo ba ya shiga, kin huta, babu mai zarginki. Kin buɗe wa mutum fiye da ɗari uku, daga farfesoshin ƙetare har mai gyaran waya, kuma fom ɗinsu iri ɗaya ne. Mun ɗauka ƙaramin mabuɗin da kike ba baƙo don kare rumbu ne daga gare shi. Sai ranar Litinin ɗin nan muka gane shi ma baƙon yake karewa, don mabuɗin da ba ya iya ɓarna shi ne shaidarsa ranar da ba shi da kowa. Mai masaukin baƙi, 'yar Alhaji Iddrisu ta Sabonjida, mun yi miki tsegumi a baranda, yau muna ba ki haƙuri a fili. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma da kuke riƙe da irin wannan ƙofa, a makaranta ko asibiti ko kamfani, ga abin koyi. Kada ku raba wa mutane sunanku don gudun cike takarda. Ku ba kowa nasa, ku san wanda ya tsaya masa, ku tuna ranar karɓa. In abu ya lalace kuma, ku duba tarihin aikin kafin ku duba fuskar wanda ya fi kowa rauni a ɗakin.

Ranar da za ta tafi, bayan an sha lemo an yi hotuna, ta koma kan kwamfutarta ta kashe mabuɗinta da hannunta. Farfesa ya ce haba, ita ce ta gina wurin, a bar mata nata har abada. Ta ce daga ƙarfe biyar ita ba 'yar gida ba ce. Kwana tara bayan haka Dokta Charlotte ta kira ta, ana so ta zo ta nuna wa sababbin ma'aikata yadda take tsara kwafin safe. Ta hau jan baburinta ta zo, ta zauna a kujerar baƙi, ta ce a ba ta fom. Ta cike sunanta, ta zo layin mai masauki ta tsaya, ta ɗaga kai.

"Wa ya san ni a nan?"

Ɗakin ya cika da mutanen da suka fi Majeed muƙami, amma babu wanda ya motsa, kowa shi yake kallo. Majeed ya taso ya karɓi biro. Ya dafa takardar ya sa hannu.

"Na san ta. Baƙuwata ce."

"Ɗaki nawa za ka ba ni?"

"Ɗaya, Mma. Kwana casa'in."

Ta karɓi takardar ta duba sa hannun da kyau, yadda take duba na kowa. Da za ta fita ya biyo ta baranda yana cewa ya riga ya cike fom na biyu, na sabuntawa, ya ajiye a durowa don kada ta sha wahala. Ta tsaya da hular kwano a hannu ta ce ya je ya yage shi yanzu, in kwana casa'in sun cika a kira shi a tambaye shi ko har yanzu baƙuwarsa ce.